Jaket Mai Lamba Sittin da Bakwai

Ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita a unguwar Sanyuanli, hawa na huɗu, gado biyu, fanka ɗaya. Ni 'yar Kano, ita 'yar zangon Kumasi. Na girme ta da shekara goma ko fiye, kuma na riga ta zuwa Guangzhou da wata takwas, don haka ni na nuna mata komai: inda Musulmin Caina ke sayar da naman da aka yanka, motar da ke zuwa Xintang garin masu ɗinka jins, da yadda za ki nuna wa mai shago kayansa sun yi tsada ko ba kya jin yarensa. Lokacin baƙaƙen fata ba mu da yawa a garin. Yawancinmu daga Bangkok muka gangaro da kasuwar can ta lalace. Casa'in da takwas ne ko da tara, ban riƙe ba, don a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da na haura sittin na shiga ajin manya.

Yaya take ce min. Ni kuma 'yar Kumasi nake ce mata, ran da na tashi da fara'a in ce ƙanwata.

Ɗa ɗaya tak gare ta. Ubansa ya ɗauke shi yana shekara tara ya tafi da shi Amurka inda yake tuƙin tasi, aure kuma ya mutu, ta zauna tana sayar da atamfa. Hoton yaron na manne a bango saman gadonta. Ƙato ne, wuya kamar turmi, kafaɗu a cuccushe, kai cikin hular kwano. Ran da na fara gani na tambaye ta ko soja ne. Ta ce ɗan ƙwallo ne. Na ce wace irin ƙwallo ake yi da hular babur? Ta yi min bayani cewa tasu ta can ba da ƙafa ake bugawa ba, rungumar ƙwallon ake a sheƙa da gudu, shi kuma nata ɗan ko taɓa ƙwallon ba ya yi, aikinsa ya tsaya a gaba ya ture duk wanda ya taho. Saboda wannan turin jami'a ta koyar da shi kyauta.

Ban yi dariya ba. Nawa 'ya'yan biyar ne, kuma na biyunsu ƙato ne irin wannan. Dambe ya so. Yana sha shida na samu labari yana zuwa fage a ɓoye, har ya fara kayar da manya. Na binciko igiyar da yake naɗe hannu da ita a ƙarƙashin katifa, na jefa a murhu a gabansa, na ce mu ba mahauta ba ne. Na zaunar da shi a shago a Kwari yana sayar min da jins. Yana can har yau da tumbinsa. To ga wata nan, ɗanta ture mutane kawai yake yi, an ba shi digiri.

A watan huɗu ta ce min lokacin zaɓe ya zo. Manyan kulob-kulob na ƙasar suna zama kwana biyu, kowa na kiran sunan yaron da yake so cikin waɗanda suka gama jami'a, bi da bi, har a ƙare. Ta yi azumi kwana uku. Aka yi kwana biyun nan aka tashi, ba wanda ya kira sunan ɗanta. Na rarrashe ta, na dafa mata shayi, na ce rabonsa na gaba. Na yi barci mai daɗi a daren nan, ba zan ɓoye ba.

Ba a rufa kwana uku ba sai ga faks. Wani kulob ya ce duk da ba a zaɓe shi ba, ya zo sansaninsu a gwada shi.

Duk saƙonninmu ofishin wani Alhaji suke zuwa, mutumin Kano, shi ke mana lodin kaya a jirgin ruwa. Ya taɓa zama a Amurka yana saurayi, ya je karatu bai ƙarasa ba. Ofishin nan shi ne majalisarmu. Kanawa, 'yan Nijar, 'yan Gana, kowa nan yake shan shayi yana jiran takardunsa. Kafin la'asar labari ya zaga cewa ɗan Hajiya 'yar Kumasi ya shiga babban kulob a Amurka. Ba wanda ya tsaya rarrabe shiga da zuwa gwaji. Suna ya canja, ta koma Maman ɗan ƙwallo. Akwai kujera guda mai laushi daidai inda iskar na'ura ke sauka, tun zuwana tawa ce, ni ce babba a mata. Wata safiya na shigo na tarar wani ɗan Nijar ya zaunar da ita a kai yana tambayarta ko ɗan nata zai iya rubuto wa ƙaninsa takardar gayyata. Da ta gan ni ta zabura za ta tashi. Na ce yi zamanki. Ta kuwa yi zamanta.

Watan bakwai yaron ya shiga sansani. Duk sati sai ya aiko faks, ita kuma ta yi aji huɗu a firamare, tana iya bin Turanci da yatsa. In mun dawo ɗaki sai ta zauna bakin gado ta karanta min, ta juya min da Hausarsu ta zango, ta sake karantawa. Ni ko takardar aka ba ni a kife ba zan gane ba. Ya ce sau biyu ake fitar da su a rana cikin zafi. Ya ce sababbi ne ke ɗaukar wa tsofaffi huluna, kuma a wajen cin abinci sai a sa sabo ya hau kujera ya yi waƙa. Ya ce an ba kowa littafi mai kauri kamar matashi, duk dabarun wasan kulob ɗin na ciki, sai ka haddace. Ya ce mutum tamanin aka tara, hamsin da uku za a bari, kuma sau biyu za a yi tankaɗe kafin ƙarshen watan takwas. Duk wanda za a sallama, da safe ake ƙwanƙwasa masa ƙofa a ce koci na kira, ka taho da littafinka. In ka ji an ambaci littafi, ka haɗa kayanka kawai.

A ƙasan takardar ya rubuta cewa an ba shi riga, lamba sittin da bakwai.

Wannan lambar ce ta shiga kanta. Kwana biyu tana juyi, ran na uku ta ce min za ta sa a ɗinka jaket ɗin jins, a yi wa bayansa aikin zare da lambar, manya-manya, ta tura Kumasi. Duk samarin zango sun san yaron ko sun san uwarsa, ba wanda zai so a bar shi a baya. Lissafinta irin namu ne na 'yan kasuwa. Jirgi daga nan zuwa tashar Tema ta Gana kwana arba'in yake yi in an yi sa'a, sai fitar da kaya, sai hanya. Mu kayan sallah tun kafin azumi muke lodinsu. Wanda ya tsaya sai ya ga wata, kayansa sai dai su tarar da mutane sun riga sun yi ɗinki. Wasan yaron watan tara ake farawa, to yanzu ne lokacin. Ta ce in kai ta wajen lauban ɗina na Xintang, wato mai masana'antar da nake hulɗa da shi, don ita bai san ta ba.

Ana gobe za mu tafi, Alhaji ya biyo ni har matakala ya rage murya.

"Hajiya, ke ce babba, kuma ɗaki ɗaya kuke. Ki yi mata magana. Ni in na faɗa, cewa za a yi baƙin ciki nake."

Na ce wace magana?

Ya ce shi ya zauna a ƙasar nan, ya san yadda abin yake. Yaran da aka kira sunansu a zaɓe kamar kayan da ka riga ka kama ne, ko sun zo da ɗan aibi haka za ka haƙura ka karɓa, don kar a ce ba ka iya zaɓe ba. Su kuwa irin ɗanta, kawo-mu-gani ne. Ana tara su ne don manya su samu waɗanda za su riƙa bugawa a atisaye. Yawancinsu gida suke komawa. Akan samu mai rabo ya tsallake, ba a ce babu ba, amma ko shi ma sau da yawa sai a karɓe lambar sansani a ba shi wata. Ya ce ta jira sati uku kacal, komai zai fito fili.

Na ce to, zan gaya mata.

Motar Xintang wajen awa biyu take yi. Muna gefe ɗaya, cinyarta na gugar tawa, ta ɗora jaka a ƙafa da takardar da ta zana lambar a kai. Sau uku na buɗe baki. Na farko na ce zafi. Na biyu na ce direban nan ba ya tsoron Allah. Na uku na tambaye ta ko ta taho da ruwa.

Xintang ko kwatar garin shuɗiya ce saboda rini. Kowane ƙofar gida tsofaffin mata ne zaune kan 'yan kujeru da almakashi suna tsinke zaren wanduna, ga tsibin jins ya fi su tsawo. Lauban ya tarbe mu da shayinsu na 'yan ƙananan kofuna da ba ya kashe ƙishi. Ya san ni, shekara guda ina ɗaukar kaya a wajensa, har yana ce min Mama. Ta nuna masa zanen, ta nuna masa hoton yaron, ya ɗaga babban yatsa. Sai ta faɗi adadin da take so, kaɗan ne, na gwaji. Ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu, ba ya kunna injin aikin zare kan ɗan wannan.

Na san meyo ɗinsa. In na miƙe na gyara mayafi kamar zan tafi, kafin in kai ƙofa ya sauko. Na sha yi masa. Ran nan ban miƙe ba. Na juya na dube ta na ce, "Ɗa ɗaya gare ki a duniya, shi za ki yi wa rowa? Ninka."

Idonta ya kawo ruwa. Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce Allah ya bar mu tare, Yaya. Ta ninka, ta ƙara a kan ninkin. Kusan duk abin da ta zo saro da shi a wannan zuwan nan ya tafi. Ni na zaɓa mata kalar zaren ma, ruwan ɗorawa, na ce shi zai fi fitowa a kan shuɗi. Kuma gaskiya na faɗa, ya fito.

Tankaɗen farko ya zo, yaro ya tsallake. An ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsu, amma abokin kwanansa aka kira, wanda ma aka kira sunansa a zaɓe. Ranar ta dafa shinkafa da wake irin nasu, da yajin nan nasu baƙi mai kifi, ta kai ofishin Alhaji sadaka. Maza suka zauna suka yi masa addu'a, har da wani malami ɗan Damagaram da ya ja doguwa. Na ci faranti biyu, na ce gishiri ya so ya yi yawa. Alhaji yana ta kallona ta saman tabarau, ni kuma ina kallon cokalina.

A sallah ma abin bai bar ni ba. Ban iya buɗe baki na roƙi Allah a kori ɗan mutane ba, ban lalace har can ba. Amma kuma ban iya cewa Allah ya tabbatar da shi ba. Sai in ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Shi dai ya san abin da ke raina.

A satin nan na sayi katin waya na shiga rumfar tarho ta bakin titi na kira shagon maƙwabcin ɗana a Kwari, aka kira min shi. Bayan gaisuwa na ce masa, kana tuna lokacin da kake dambe? Na ɗauka layi ne ya yanke. Can ya ce, "Hajiya, wandunan nan masu faɗin ƙafa ba sa tafiya, kar ki ƙara turo su." Na ce to. Katin bai ƙare ba amma na ajiye.

Jaket suka iso ranar Laraba, katan-katan, aiki ya yi kyau ba ƙarya. Ta ciro ɗaya ta sa a kan atamfarta cikin wannan zafin na watan takwas, tana juya min baya in gani. Lodi ranar Juma'a ne a Huangpu, bakin tashar jiragen ruwa, tankaɗen ƙarshe kuma ranar Lahadi. Muna tsaye a rumbun ajiya, 'yan dako na jiran umarni, sai Alhaji ya ce, kamar maganar ta faɗo masa ne kawai, akwai wani jirgin nan da kwana goma, yana iya riƙe mata kayanta a nan ba sai ta ba da komai ba. Ta juyo wajena.

"Yaya, me kika gani?"

Na ce kaya a rumbu ba kasuwa suke ba. A loda.

Aka loda, aka rufe kwantena, aka buga mata hatimi a gabanmu. Alhaji bai ƙara ce min komai ba, ko sallama bai yi min ba da za mu rabu.

Litinin da hantsi muna ofis, don safiyarmu darensu ne na Lahadi. Mutane sun fi na kullum yawa, kowa ya ƙirƙiro abin da ya kawo shi. Ba faks ba ne ya zo, waya ce ta yi ƙara. Alhaji ya ɗauka, ya saurara, ya miƙa mata. Ta daɗe a tsaye da kan wayar a kunne, ba ta cewa komai sai to, to. Daga baya ta juya wa mutane baya tana magana ƙasa-ƙasa, Hausa da Turanci da yaren Asante duk a haɗe, irin muryar da ake yi wa yaro mai zazzaɓi. Ƙato kamar wannan, ina jiyo kukansa daga inda nake zaune.

Da ta ajiye ta ce an ƙwanƙwasa, an ce ya taho da littafi. Shi ne kusan na ƙarshe da aka kira. Kocin ya ce masa ya yi ƙoƙari, kar ya yi nisa da waya, wataƙila wani kulob ya neme shi.

Aka yi ta Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ni ma na faɗa. A ƙirjina kuwa wani sanyi na ji ya sauka, kamar na sha ruwan randa. Wata huɗu rabona da jin irinsa.

Muka taka zuwa gida. A ɗaki ta cire mayafi ta zauna tana ninke wankinta, tana warwarewa tana sake ninkewa. Ba ta yi kuka ba. Na so ta yi, da na samu abin yi, da na rungume ta na zama Yaya. Ta ƙi. Har wani ɗan murmushi take yi, ta ce min wai ya ce da ya fito daga ofishin kocin ko ubansa bai nema ba, ita ya fara kira.

Nan sanyin nan ya gudu. Sai kawai na ji bakina na cewa ai ni na san haka za a yi. Na gaya mata duk abin da Alhaji ya faɗa min a matakala, da kawo-mu-gani, da canjin lamba, da sati ukun da ya ce ta jira. Ba nadama ce ta sa ni faɗa ba, kar wani ya yi min wannan kyakkyawan zaton. So nake ko sau ɗaya ta san akwai abin da na sani game da ɗanta wanda ita ba ta sani ba.

Ta ajiye zanen da ke hannunta.

"Yaya, kin ɗauka ban sani ba? Tun takardar farko ya rubuto min. Ya ce Mma, kar ki gaya wa kowa, irinmu ba mu cika zama ba. Wajen ne nake tsallakewa in ina karanta miki."

Na ce to don me kika zuba dukiyarki?

"Jirgi kwana arba'in yake yi. In ya zauna fa? A ce uwarsa na Caina, gindin masu ɗinki, ta tsaya sai ta ga ya ci tukuna?"

Ta ɗauki zanen ta ci gaba da ninkewa, ta daidaita bakinsa a kan cinya.

"Abin da ban sani ba," ta ce, "shi ne ke ma kin sani, ran da kika ce in ninka."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Da la'asar ta dafa abinci ta zuba min nawa kamar kullum. Ranar Laraba ta ce wasu mata 'yan Gana sun samu gurbin gado a ɗakinsu can bayan kasuwar takalma, za ta koma, ya fi mata kusa da masu kayanta. Ni da ita mun san bai fi kusa ba. Na taya ta sauko da jakunkuna daga hawa na huɗu, ta bar ni na ɗauki mai nauyin.

Mun ƙara shekara biyu muna haɗuwa a ofishin Alhaji. Takan gaishe ni har da rusunawa, Yaya ina kwana, Yaya ya ƙafa. Maganar ɗanta ce dai ba ta sake yi a gabana ba, kuma in na shigo ana yi sai a koma zancen kwastan. Ko wani kulob ya kira yaron daga baya, ko ya samu shiga, ban sani ba har yau. Alhaji ya sani, tambaya ɗaya ce. Ban taɓa yi masa ita ba, don kar ya ce min e.